Wa Ya Durƙusa A Kan Zinaren Nasara?

'Yan gwal suna cewa babbar tsabar zinare ta tunawa da yaƙi darajarta a kan sikeli take, giram nawa kawai. Wasu 'yan boko kuma sun ce farfaganda ce, a wuce wurin. Dukansu sun yi gaggawa. Farfaganda ce mana, to kirarin sarki fa? Ai ba wanda ya daina sauraron makaɗan fada don sun ƙi faɗin ranar da ubangidansu ya gudu.

Al'adar buga tsabar nasara tsohuwa ce. Rumawa sun buga ta, Ingila ta gada, har a 1703 Sarauniya Anne ta sa aka rubuta VIGO, sunan wurin yaƙin, a ƙarƙashin hotonta, a kan tsabar da aka ƙera da ganimar jiragen Sifaniya. Masana sun fi yabon lambar yaƙin Waterloo ta maƙeri Pistrucci, wadda ta ci shekara 30 a hannunsa. Ni dai cunkoso nake gani a cikinta, kuma ko bugawa ba a yi ba a zamaninsa.

Wadda ta isa a tsaya a kanta ita ce zinariyar da aka tono kusa da Arras a Faransa a 1922, mai nauyin kusan giram 53. An buga ta a Trier don Constantius na Rumawa, wanda ya ƙwato Biritaniya daga hannun Allectus a 296. Ga sarki bisa doki riƙe da mashi, ga jirgin ruwa ɗauke da mayaƙa a ƙasa. A bakin ƙofar gari wata mace ta durƙusa ta miƙa hannu biyu, ƙarƙashinta an rubuta LON, wato Landan. Allectus fa? Babu shi, babu gawa, babu ɗigon jini. Maƙerin ya share abokin gaba, ya bar garin kawai, sannan ya zaɓi durƙuson da ba za ka iya rantsewa ko na godiya ne ko na neman afuwa ba. Duk wanda ya taɓa ganin an faɗi gaisuwa a fada ya san gwiwa ɗaya ce take yin aikin biyu. Gwanintar ke nan, kuma ita nake fara nema a kowace tsabar nasara.

A nan gida kuwa, Daular Usmaniyya ta Sakkwato da kuɗin wuri take ciniki, ba ta buga tsaba ba, don haka yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 a baitukan Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna. Ƙarfen da ya shafe mu na Turawa ne. Bayan Kanar Morland ya ci Kano a Fabrairun 1903, suka kafa mazauninsu a Nassarawa, aka raba wa sojojin, cikinsu da Hausawa da dama, lambar azurfa. A jikinta Biritaniya ce a siffar mace tsaye da zaki a gefenta. Ba ganuwa, ba Sarkin Kano Alu, ba wanda ya durƙusa. Ko sunan Kano ba su rubuta ba, sai Arewacin Nijeriya da shekarar 1903.