Faɗakarwa a kan Babbaƙu da Ƙa'idar Bagadaza

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da Littafinsa da harshen Larabci, ya sauƙaƙe shi ga Balarabe da Ba'ajame. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan takarda ce gajeriya a kan hanyoyi biyu da ake buɗe wa yaro karatu da su a birnin Kano. Ta farko ita ce babbaƙu da farfaru a kan allo, wadda muka gada. Ta biyu ita ce littafin nan da ake kira Ƙa'idatul Bagdadiyya, watau Ƙa'idar Bagadaza, wanda makarantun Islamiyya suka riƙa. Ma'abota kowace hanya suna aibata ɗayar, har saɓani ya kai ga liman a masallaci. Muka yi nufin mu auna su da ma'auni ɗaya, shi ne fitar da kowane harafi daga mafitarsa.

Fasali na farko, a kan babbaƙu

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah ya yi maka buɗi, karatun allo tsoho ne a wannan birni. Wangarawa sun zo da ilimi zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Shehu Magili ya sauka zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Unguwanni irin su Madabo da Sharifai da ilimi aka san su tun wancan zamani. Karatun da aka gada shi ne ruwayar Warshu, wanda ya rasu a Masar shekara ta 197 ta Hijira, daga malaminsa Nafi'u na Madina, wanda ya rasu shekara ta 169.

Kyan babbaƙu shi ne magabata sun sa wa kowane harafi suna da Hausa gwargwadon surarsa da wurin da ya faɗo a kalma. Ain in ya zo a fari bakinsa a buɗe, sai a ce ambaki. In ya zo a tsakiya a rufe, sai a ce ain likkafa, domin ya yi kama da likkafar sirdi. Haka ba guje, da mim jaye, da ha kuri, da ɗa mai hannu. Yaron da bai san kalma ɗaya ta Larabci ba, sai ka ji yana cewa alu, ambaki, wau, zal, yatsansa a kan allo, bai ɓata ba. Kuma ba a jere ake ba shi haruffa ba, a cikin gajerun surori yake tarar da su a haɗe yadda zai same su a Mus'hafi. In ya ƙare sai farfaru, wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Daga nan ya wanke allo, ya ɗauki alƙalami da tawada, hannunsa ya faɗa. Da wannan hanya aka sami alarammomi da gwanaye masu rubuta izu 60 da ka ba su duba ba. Wanda ya raina ta bai san ta ba.

Aibinta kuwa guda ne, amma babba ne. Sunayen nan suna gaya wa ido surar harafi, ba sa gaya wa harshe mafitarsa. Waɗansu ma suna ɗauke da sautin Hausa a cikinsu. An kira ض lodi, an kira ظ zadi, an kira ث ca, an kira ط ɗa. Yaro kuwa abin da ya ji a suna shi yake mayarwa a karatu.

Fasali na biyu, a kan haruffan da babu su a Hausa

Haruffa 11 ne na Larabci harshenmu ba shi da irin sautinsu: ث ح خ ذ ص ض ط ظ ع غ ق. Bahaushe in ya tarar da ɗayansu sai ya musanya shi da mafi kusa a bakinsa. Shaidar haka tana cikin kalmomin da muka ara. Lam ɗin da ke cikin alwala da alƙali da farilla da larura, asalinsa ض ne. Ɗa na ɗalibi da sharaɗi, asalinsa ط ne. Azahar da zikiri mun haɗa su a kan za, alhali ɗaya ظ ne ɗaya ذ. Alheri da hukunci mun haɗa su a kan ha, alhali ɗaya خ ne ɗaya ح. A zancen kasuwa babu laifi, sun zama Hausa. A cikin Alƙur'ani kuwa ma'ana tana juyawa. قلب zuciya ce, كلب kare ne. عليم masani ne, أليم mai raɗaɗi ne. خلق ya halitta, حلق ya aske. Wannan shi malamai suke kira lahani bayyananne.

Ibnul Jazari, wanda ya rasu shekara ta 833, Allah ya ji ƙansa, ya ƙidaya mafitai 17 a wurare 5: kogon baki, da maƙogwaro, da harshe, da leɓɓa, da cikin hanci. A maƙogwaro kaɗai akwai uku. Can ƙasa hamza da ha kuri, a tsakiya ain da ha ƙarami, kusa da baki غ da خ. Ga ha iri uku, kowanne da gidansa, mu kuwa mun tara su ɗaki ɗaya. ث da ذ da ظ ba sa fita sai kan harshe ya taɓa bakin haƙoran gaba na sama. Ko fa, da muke zaton muna da shi, a Larabci daga cikin leɓen ƙasa yake fita tare da haƙoran sama, mu kuwa da leɓɓa biyu muke busa shi.

Fasali na uku, a kan Ƙa'idar Bagadaza

Wannan littafi yana jera haruffa ɗaya ɗaya, sa'an nan ya sa wa kowanne wasula uku, sa'an nan tanwini da madda da ɗauri, a ƙarshe a haɗa masa juzu'in Amma. Kyansa shi ne babu harafin da yake tsallakewa, kuma kowanne yana zuwa da sunansa na Larabci, kusa da ɗan'uwansa da ya yi kama da shi. Yaro yana saurin tashin karatu da shi, ga arha, a Kasuwar Kurmi ana samunsa.

Aibinsa biyu ne. Na farko, rubutunsa na gabas ne, allonmu kuwa na Magrib. A gabas fa ɗigo ɗaya ne a sama, ƙaf biyu a sama. A wurinmu fa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. Yaron Ƙa'ida in aka miƙa masa Mus'hafin kakansa sai ya karanta ƙaf a fa. Kuma ba ya rubutu kullum kamar mai allo, idonsa ya riga hannunsa.

Na biyu ya fi nauyi. Takarda ba ta da baki. Malamin da ya tashi yana cewa za a wurin ذ, in ya riƙe Ƙa'ida za zai biya wa yaro, sai dai an sauya allo da bugun inji. Tun da aka buga Mus'hafin Alƙahira a 1924 bisa ruwayar Hafsu, aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984, aka fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a Sakkwato a 1986, tajwidi ya yaɗu, kunnuwa suka buɗe, wannan alheri ne. Amma tare da shi aka sami samari masu zaton duk abin da ya saɓa wa Hafsu kuskure ne. Su ji alaramma ya mayar da wasalin hamza kan harafi mai ɗauri da ke gabaninsa, ko ya karkata wasali bisa kaɗan, ko ya siranta ra, ko ya kaurara lam bayan ص, sai su ce ya yi lahani. Alhali wannan duka ruwayar Warshu ce ingantacciya, Madina ma tana buga Mus'hafinta.

Mas'ala a kan lodi

In ka ce, to mai karanta kalmar ƙarshen Fatiha da lam, yaya sallar wanda ya bi shi? Sai mu ce, Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ambaci saɓani game da koyi da mai lahani da wanda ba ya rarrabe ض da ظ. Abin da masu sharhi suka dogara a kai shi ne salla ta inganta matuƙar bai yi da ganganci ba. Saboda haka kada ka raba sahu a kan wannan. Amma ingancin salla bai ɗauke wa mai iko wajibcin koyo ba.

Ka sani kuma, Sibawaihi ya siffanta ض da cewa daga gefen harshe yake fita tare da turamen haƙora, lam kuwa maƙwabcinsa ne ta gaba. Mai cewa lodi ya sami gefen harshe, ya rasa kauri da tsawon sautin. Mai yi masa dariya yana fitar da dal mai kauri daga kan harshe, shi kuwa ya bar gefen ɗungum. Dukansu biyu masu bukatar malami ne.

Rufewa

Hukuncinmu shi ne kada a yar da babbaƙu, domin babu kamarsa wurin koyar da ido da hannu. Amma malami in ya faɗi sunan Hausa, ya bi shi da sunan Larabci da sautinsa, yaro yana duban bakinsa. A ware haruffan nan 11 da fa, a biya kowanne tare da wanda ake musanya shi da shi, ث da sin, ق da kaf, ain da hamza, har kunne ya rarrabe kafin a shiga farfaru. Mai koyar da Ƙa'ida kuwa ya nuna wa yaransa rubutun Magrib, ya sanar da su Warshu da Hafsu duka daga Annabi suke, tsira da aminci su tabbata gare shi. Malamin da ya san harshensa bai daidaita ba, ya je ya durƙusa gaban wanda ya karɓa baki da baki, ya karanta Tuhfatul Aɗfal da Jazariyya a wurinsa, ko da furfura ta fito masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da yaro ya ji a allonsa na fari da shi zai yi limanci.

Allah ya daidaita harsunanmu a kan Littafinsa, ya ji ƙan malamanmu da iyayenmu da dukan Musulmi. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.