Fim ɗin Aïssa Maïga da Makokin da Inji Ya Katse

Mutumin Damargu, ko na Tanut ko na Belbeji, ba ya bukatar tafinta in ya zauna kallon Marcher sur l'eau, wato tafiya bisa ruwa, fim ɗin Aïssa Maïga da aka nuna a bikin Cannes a 2021. A Tatiste aka ɗauke shi, can cikin Azawak, amma ƙishirwar iri ɗaya ce. Houlaye, ƴar Fulani mai shekara 14, ita ce ke riƙe da ƙannenta, domin rani ya kora uwa ci-rani, ya kora uba neman makiyaya, alhali ruwa na kwance ƙarƙashin sawunsu, zurfi kawai ya raba.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin haƙurinsa. Maïga ba ta tilasta wa kowa kuka ba. Ta bar na'urar ɗaukar hoto ta daɗe a kan guga mai fitowa da laka, da kan yarinyar da girma ya faɗa wa tun lokaci bai yi ba. Wannan makoki ne na ƙasar da ke mutuwa sannu-sannu, irin wanda dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 suka sani.

Rauninsa kuwa a ƙarshe yake. Da injin haƙa rijiyar burtsatse ya iso, ruwa ya yi tsiri, sai labari ya ƙare da guɗa, tamkar ƙarfe ya biya diyyar damina. Makiyayi ya san sauran zancen: tun tashoshin famfo na shekarun 1960, inda duk ruwa ya tabbata garkuna kan taru, ciyawa ta ƙare, gardamar wa ke da iko da rijiya ta tashi. Shanu da itatuwa, waɗanda su ma asarar ta shafa, sun zama adon hoto kawai.

A nan ne Pumzi, gajeren fim ɗin Wanuri Kahiu ta Kenya na 2009, ya fi nisan tunani. Bayan yaƙin ruwa, mutane na kulle cikin gari mai injuna, suna tace guminsu su sha. Asha ta fice hamada da tsiro guda, ta ba shi ragowar ruwanta, ta yi masa inuwa da jikinta. Itacen ne ya rayu, ba ita ba.