Bin Diddigin Salsala a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Bin diddigin salsala a wannan yanki bincike ne a kan jikokin baƙi. Magarya da Wurno garuruwan ribaɗi ne, wato na tsaro, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, ya zaunar da malamai da mayaƙa da bayi, da Fulani makiyaya da ya ja hankalinsu ga zama wuri guda. A Wurno ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Saboda wannan haɗuwar jama'a, gidaje da yawa, in an bi su baya, tushensu na wata ƙasa.

Jikan Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka yakan dogara da rajistar coci da jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwan Hamburg, waɗanda aka adana daga 1850 zuwa 1934. A wannan yanki kuwa ba a yi irin wannan rajista ta kowa da kowa ba. Rubutacciyar nasaba ta gidajen sarauta ce da na malanta. Toronkawa, dangin Shehu Usmanu, suna kai tasu ga Musa Jakollo, wanda ya taso daga Futa Toro ya sauka Ƙonni. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambaci malamansa da danginsa a Ida'un Nusukh, Waziri Junaidu kuma ya tattara abin da magabata suka bari a Tarihin Fulani. Albarkacin irin wannan adana ne salsalar Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, take a fili: ɗan Ibrahim, ɗan Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu.

Talaka kuwa nasabarsa a baki take. Tana wurin tsofaffin gida, musamman mata, waɗanda suka fi riƙe wa ya auri wa. Tana cikin kirarin maroƙa, da sunan unguwa, da tsagar fuska irin ta Gobirawa, da wasan barkwanci tsakanin dangogi. Kowanne yana buƙatar tantancewa. Maroƙi yakan tsallake kakan da bai yi suna ba, tsaga kuma tana ƙarewa tare da masu ita. Mafi ciwo shi ne jikokin bayi: kakanninsu sun shigo ba da sunan gida ba, aka jingina su ga iyayen gijinsu. Haka iyaye mata sukan ɓace daga rubutaccen jeri, alhali ta wurinsu ne gidaje suka haɗu.

Akwai shaidar baƙi ma. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta mutanen da ya tarar. Rahotannin jami'an mulkin mallaka kan gundumomi suna ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, wasu takardun kuma suna cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mai bincike na ƙwarai yakan fara da tsofaffi tun suna raye, domin takarda tana jira, sannan ya gwada abin da suka faɗa da abin da aka rubuta.