Fim a Lokacin Yaƙi: Wa Aka Nuna, Wa Aka Ɓoye?

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar Hollywood ta ɗauki aikin koya wa Amurkawa son ƙasashen ƙawance. Fim ɗin Mission to Moscow na Michael Curtiz ya wanke Stalin tas, har da shari'o'in zalunci da aka yi a Mosko daga 1936 zuwa 1938. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1947, majalisar Amurka ta kira Jack Warner ya yi bayanin dalilin yin fim ɗin, don a lokacin Tarayyar Sobiyet ta zama abokiyar gaba.

So Proudly We Hail! na Mark Sandrich ya fi shi gaskiya. Labarin mata masu jinya ne a Bataan da Corregidor, cikin ƙasar Filifin, inda magani ya ƙare, bama-bamai suna sauka bisa asibiti. Claudette Colbert ta yi wasa mai ratsa zuciya. Sai dai soyayya ta cinye rabin labarin, alhali a daidai lokacin da ake kallonsa, mata masu jinya fiye da 70 suna tsare a hannun Japan, ba su sami kansu ba sai a Fabrairun 1945.

Mai kallo a Filinge kuwa, wanda ya tashi yana ganin ƴan mazan jiya da lambobinsu a ƙirji, tambayarsa ɗaya ce: ina baƙar fata? A fim ɗin Sahara na Zoltan Korda akwai Saje Tambul, sojan Sudan, wanda Rex Ingram ya fito a matsayinsa. Shi ya kai Turawa rijiya, shi ya kashe matuƙin jirgin Jamus, sannan aka harbe shi. An ba shi jarunta, aka hana shi komawa gida ya nemi haƙƙinsa.

Waɗanda suka dawo suka nema, tarihi ya san abin da ya same su a Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sa'ad da sojan Faransa ya buɗe musu wuta. Sai da Umaru Ganda ya yi Cabascabo a ƙarshen shekarun 1960, Sembène Usman ya yi Camp de Thiaroye a 1988, kafin sojan Afirka ya ba da labarinsa da bakinsa. Da waɗannan biyu ya kamata a haɗa tsoffin finafinan nan in za a nuna wa ɗaliban Kurfai.