Daga Motar Kara zuwa Jirgin Kwantena

A karkarar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Dambatta, gona na manne da gona, kuma da wuya ka ga saurar da aka bari ta huta. Wannan cunkoson noma shi ya ja hankalin masani Michael Mortimore tun shekarun 1960. Manomin irin wannan ƙasa ba ya zubar da komai, balle karan dawa. Da shi ake darni, da shi ake gadon kara, shi ne makamashin murhu, ganyensa kuma na tumaki ne. Ɗan abin da ya kuɓuce wa manya shi ke faɗawa hannun yara, kuma a kansa aka gina wata sana'a da ba a taɓa ba ta matsayin sana'a ba, wato ƙera motar kara.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake yi. A sami busasshen kara mai kauri, a feƙe ɓawonsa da haƙori ko da reza, a tsaga shi siri-siri. Totuwar da ke ciki ita ce katako, tsagin ɓawon shi ne ƙusa, sai a riƙa soka wannan cikin wancan har gangar jiki ta tashi. Inda ake son ƙarfi a kawo ƙayar aduwa. Taya kuwa daga sakaina ake fafe ta, ko murfin kwalba, ko tsohon silifa. Babu gam, babu guduma. Yaran da ke kusa da gari su kan ƙara da gwangwanin madara da waya da langa-langa, su ɗaura doguwar sanda su riƙa tuƙi suna tsaye. Akwai irin wannan a wasu sassan Afirka, kamar motar waya ta Malawi, amma haɗa totuwa da ɓawo dabara ce ta ƙasar dawa da gero.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da wannan al'ada shi ne ƙa'idarta: abin da ido ya gani shi hannu ke ƙerawa. Babu zane a takarda, babu awo. Yaro zai tsaya bakin titin Katsina ko na Daura ya ƙare wa mota kallo, ya koma gindin bishiya ya fitar da ita daga ka. Shi ya sa motar kara ke ɗauke da tarihin hanya. Kakanni sun yi gingimari mai bodin katako, iyaye sun yi tanka da a-kori-kura, 'yan baya suka yi adaidaita-sahu. Kuma ido yana da son kai. Abin da ya burge shi yake girmamawa, sai ka ga fitila ta yi rabin fuskar mota, tayoyi sun fi ƙofa tsawo, madubi ya miƙe kamar zai taɓa ƙasa. Ban ɗauki wannan a matsayin kuskure ba. Salo ne, kuma da shi ake gane hannun wane da na wane a unguwa. Sai dai yana da iyaka, kuma ba a ganin iyakar sai an zo kan abin da ido bai taɓa gani gaba ɗayansa ba.

Kwantena ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Kasuwar Dawanau tana cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma riɗi da zoɓo da citta da ake tarawa a can cikin kwantena suke barin ƙasar, zoɓon ya nufi Meziko, riɗin ya nufi ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. A watan Janairu na 2023 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura. Yaron Bichi ya san akwatin ƙarfen nan a bayan tirela, ya san ƙofarsa da sandunan kulle ta, ya san gurza-gurzan jikinsa. Abin da bai sani ba shi ne jirgin da ke ɗaukarsa, domin tsakaninsa da tashar jiragen ruwa ta Apapa akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. A waya yake ganinsa, musamman tun watan Maris na 2021 da jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez ya tare hanya kwana shida, hotonsa ya zaga duniya.

To, hoto saman jirgi kawai yake nunawa. Gangar jikin da ke cikin ruwa, inda duk hikimar ginin take, a ɓoye take. Daga sama jirgin kwantena kamar dogon akwati yake, amma a ƙasa gabansa ya tsuke ya fitar da wani ƙullutun hanci mai rage turjiyar ruwa, tsakiyarsa ta yi faɗi da lebur ɗin ciki, bayansa ya ɗage sama ya ba farfela da abin juya akalar jirgi wuri. Mota ana iya zagaya ta, a durƙusa a leƙa ƙarƙashinta. Jirgi ba ya ba da wannan damar, don haka mai ƙira da ido kan ƙare da akwati mai tsinin baki, ya jera 'yan akwatuna a kai.

Kada a ɗauka matsalar ta 'yan ƙauye ce kaɗai. Masu ƙera ƙananan jirage bisa awo a Jamus da Ingila da Japan suna fama da ita. Jiragen yaƙi da na zamanin filafilai zanensu na nan jibge a gidajen tarihi, kowa na iya nema. Jirgin kwantena kuwa ɗan jiya ne. A ranar 26 ga Afrilu, 1956, Malcom McLean ya ɗora akwatuna 58 a kan Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka, kuma daga nan harkar ta faro. Jiragen da ke aiki yau dukiyar kamfanoni ce, siffar gangarsu kuma sirrin kasuwanci ce, saboda ita ke yanke yawan man da jirgi zai sha. Abin da ake iya samu a sauƙaƙe shi ne zanen tsarin gaba ɗaya, mai nuna jirgin ta gefe da ta sama. Zanen da mai ƙira ke matuƙar buƙata, wanda ke nuna gangar a yanke gunduwa-gunduwa daga gaba zuwa baya, shi ne ba ya fita. Kayan haɗawa na kanti ma kaɗan ne. Kamfanin Revell ya fitar da jirgin Colombo Express a ma'aunin 1:700, wanda tsawonsa bai kai rabin mita ba, kamfanin Lego kuma ya yi jirgin Maersk samfurin Triple-E a 2014. Ban da irin waɗannan, sai mutum ya tashi tsaye da kansa.

Akwai ƙofa biyu da ke buɗe, kuma ta farko ta masu bincike ce. Wata cibiyar nazarin jiragen ruwa a Koriya ta Kudu ta tsara gangar da ake kira KCS, ta sake ta ga kowa don gwaje-gwajen kimiyya: tsawo mita 230, faɗi mita 32.2, nutso cikin ruwa mita 10.8. Jami'ar Duisburg-Essen a Jamus ta yi makamancin haka da wata gangar mafi girma mai suna DTC. Ba a gina ko ɗayansu a matsayin jirgin kasuwa ba, amma siffarsu ta jirgin kwantena ce ta gaskiya, kuma ana samun su a intanet.

Ƙofa ta biyu ta fi kusa da mu, kuma a nan nake ganin ɗan karkarar Kano yana da abin da zai riƙa. Kwantena awonta ɗaya ne a duk duniya. Doguwar ƙafa 40 ce, wato mita 12.19, gajerar ƙafa 20, faɗinsu duka ƙafa 8, wato mita 2.44, tsayin da aka saba kuma ƙafa takwas da rabi. Ke nan kowane hoton jirgi yana ɗauke da ma'auninsa a jikinsa. Ƙirga layukan akwatuna ta baya, ka san faɗin jirgin: Triple-E layi 23 yake ɗauka, faɗinsa kuwa mita 59. Ƙirga rukunin akwatuna ta gefe, ka ƙara tazarar da ke tsakaninsu da gidan matuƙa da bututun hayaƙi, tsawon ya fito. Turawan da suka rasa zane haka suke yi. Yaron da ya taɓa tsayawa jikin kwantena a Dawanau yana da fifiko guda, ya san girmanta a jikinsa, ya san mutum nawa za su jeru a ƙofarta.

Sai batun ma'auni. Idan aka ɗauki 1:200, wato kowace mita 2 ta zama santimita 1, doguwar kwantena za ta zama santimita 6 da ɗoriya a tsawo, 1.2 a faɗi, 1.3 a tsayi. Wanda ya saba da kara ya riga ya gane inda na dosa: wannan daidai kaurin totuwar kara mai kyau ne idan aka sassabe ta ta zama mai kusurwa huɗu. Gaɓa ɗaya ta kara za ta ba da kwantena biyu ko uku. A wannan ma'aunin KCS za ta zama santimita 115 a tsawo da 16 a faɗi, abin da zai zauna a kan benci. Ever Given zai kai mita 2, ya yi wa mai farawa yawa. Aikin da ya fi gundurar masu ƙira a Turai, wato yin ɗaruruwan 'yan akwatuna iri ɗaya, shi ne ya fi sauƙi a hannun masu kara, musamman idan yara goma suka raba shi, da shuni da jan karan dafi da ragowar fenti don bambanta launi.

Gangar ita ce inda kara ke gazawa, kuma gara a faɗa ƙarara. Kara miƙaƙƙe ne, ba ya son lanƙwasa ta fuska biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanke jirgin daidai layin ruwa, a yi abin da ke sama kawai a ɗora a kan allo, kamar yadda masu tara ƙananan jirage na ma'aunin 1:1250 suka daɗe suna yi. Wannan ba ragwanci ba ne, salo ne mai tarihi, kuma kara zai iya shi tsaf. Mai son cikakkiyar ganga sai ya koma ga katako. Ko dai ya yanka falankai bisa siffar jirgin a kowane mataki na zurfi, ya manna su ɗaya kan ɗaya ya sassaƙe kusurwoyin, ko ya yanka haƙarƙari daga falai bisa zanen gunduwa ya lulluɓe su da siraran katako. Masassaƙin turmi da akushi ba zai ga hanya ta farko baƙuwa ba. Wanda kuma ke son jirginsa ya hau ruwan dam ɗin Tomas ko na Watari, ko kududdufin bayan gari, to maƙerin gwangwani mai yin aci-balbal da mazurari shi ne abokin tafiyarsa, domin ya iya liƙi da dalma. Nan ma akwai lissafin da ido ba zai hango ba. Nauyi yana raguwa ta fuska uku a lokaci guda, tsawo da faɗi da zurfi, saboda haka a 1:200 ana raba shi da miliyan 8. KCS da ke ture ruwa kimanin ton 52,000 sai ƙaramarta ta kai kilo shida da rabi kafin ta nutse zuwa layinta. Jirgin kara ko na gwangwani da ba a zuba masa yashi ko ƙarfe a ƙasan ciki ba zai tsaya tsororo a saman ruwa, iska kaɗan ta kifar da shi.

Ba ina kiran a bar ƙira da ido a koma takarda ba ne. Masu gina jiragen katako a Turai da Amurka, har cikin ƙarni na 19, rabin ganga suke fara sassaƙawa da hannu, su shafa su gyara har ta yi musu, sannan su ɗebi awo daga jikinta su gina babban. Ido ne ke gaba, awo na bin sa. Abin da ke damuna shi ne a wurinmu an raba su. Yaron da ya iya kara ana ce masa ya daina wasa ya ɗauki littafi, wanda ke aji kuma ana koya masa rabo da ma'auni a allo ba tare da ya taɓa yanka komai ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. An yi ta mamaki, ni kuwa ina ganin jikan motar kara ne da ya samu lissafi.

Sana'ar kanta tana ja da baya. Kara ya yi kuɗi, ana saye ana sayarwa, ba kowane uba zai bar yaro ya ɓarnatar da dami ba. Motar roba mai araha, wadda ita ma cikin kwantena take zuwa, ta cika kasuwannin ƙauye, waya kuma ta cinye yammacin da a da ake zama gindin bishiya. Amma wuraren da za su iya riƙe ta suna cikin yankin: Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe tun 1977, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi, inda ake horar da malaman koyar da sana'a. Abin da malami ke buƙata bai taka kara ya karya ba. Zanen gunduwoyin KCS a 1:200 faɗinsa santimita 16 ne, zai shiga takarda ɗaya, kuma duk mai shagon hoton takardu a bakin kasuwa zai iya buga wa aji guda.