Hasken Disko a Bangon Littafi

Yau sharhi zan yi a kan wani zane, kuma na bangon littafina ne, don haka duk wanda ya ce akwai son kai a ciki ba zan musa masa ba.

Labarin littafin a 1984 na ajiye shi. Wata yarinya ce ta gudu daga auren dole ta faɗa bariki, har ranar da yayanta ya bi sawu ya same ta a gidan rawar disko. Wannan haɗuwar na ce mai zane ya fitar min. Ya ce zai fara da hannu ya ƙarasa da kwamfuta, na ce Allah ya taimaka.

Gaskiya aikin hannun ya yi, ba sai an faɗa ba. Da fensir ya fara, ya bi layin da baƙar tawada, sannan ya shafa kalar ruwa sama-sama. Ya san zamanin da yake zanawa: samari da tarin suma, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, takalma masu tudu, ga daɓe mai gida-gida na fitilu irin na fim ɗin Saturday Night Fever na 1977. Wani saurayi a gefe kuwa kai ka ce Mithun Chakraborty ne a Disco Dancer na 1982, wanda mu a kaset ɗin bidiyo muka riske shi, yayyenmu kuma suka haddace waƙoƙin da Bappi Lahiri ya yi masa ba tare da sun san ma'anar ko kalma ɗaya ba. To amma abin da ya fi tsaya min a rai fuskar yarinyar ce. Ta waiwayo ta ga yayanta a bakin ƙofa, ƙafarta na cikin rawa, idonta ya riga ya koma gida. Da ɗan layin fensir biyu a ƙasan ido ya yi wannan, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Da aka saka takardar a sikana aka shiga Photoshop, nan zance ya canja. Ƙwallon madubin nan da ake ratayewa a rufin ɗakin disko ƙananan madubai ne aka liƙa masa, fitila ta doke shi yana juyawa, sai hasken ya watsu ɗigo-ɗigo a jikin bango da jikin mutane, sauran ɗakin kuwa duhu ne. Duhun ne ma yake sa ɗigon ya yi kyau. Shi malam sai ya kwararo haske ko'ina kamar an kunna fitilar filin ƙwallo, ruwan hoda nan, shunayya can, ko lungu ɗaya bai bari ba. Yayan da ke bakin ƙofa ya narke cikin ƙyalli. Fuskar yarinyar kuma ya goge ta sumul, layukan nan biyu suka tafi, ta koma kamar mai tallan man shafawa.

Kada a ce ƙin kwamfuta nake. Sheƙin rigarta da inuwar fitilun a daɓe, kalar ruwa ba za ta taɓa kawo su haka ba, nan kam na yaba. Sai dai ya manta cewa gilashin kwamfuta da haske yake nuna kala, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take bugawa, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi. Da aka buga gwaji, ruwan hodan da ke walƙiya ya fito kamar zanin da ya sha wanki.

Abin da ya fi damuna ba kalar ba ce. Mu marubuta mata mun daɗe ana ce mana masu ɓata tarbiyya, kuma uba in ya tsinci littafi a jakar 'yarsa bango yake dubawa, ba ya kai wa shafi na biyu. In ya ga yarinya cikin nadama zai san inda labarin ya dosa. In ya ga tana ƙyalli tana annashuwa a gidan rawa, murhu zai jefa shi, ni kuma kuɗin adashina ne a ciki.

Na koma na ce, Malam don Allah ka dawo min da fuskar fensir, ka rage wutar nan, ka bar ɗigon haske kaɗan a kafaɗarta da kuncinta. Ya ce masu saye ƙyalli suke so. Na ce to a bar ƙyallin a rigar. Ya karɓi takardar yana gunaguni, ya ce in dawo ranar Laraba.