Waƙar Fim: Ta Baka Ce Ko Rubutacciya?

Tun lokacin da aka fara nazarin adabin Hausa a jami'o'inmu, an saba raba waƙa gida biyu, wato waƙar baka da rubutacciyar waƙa. Ta farko ita ce ta makaɗa, wadda ake rerawa da kiɗa da amshi a gaban jama'a. Ta biyu kuwa ta malamai da almajiransu ce, wadda ake tsarawa a takarda bisa kari da amsa-amo. A wannan takarda muna so mu nuna cewa waƙoƙin finafinan Hausa sun ƙi zama a gidan da muka ajiye su, kuma laifin ba nasu ba ne, namu ne.

Bari mu fara da abin da ya sa waƙar baka ta zama ta baka. Ba rashin rubutu kaɗai ba ne. Idan muka ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, za mu ga cewa a dandali yake gina waƙarsa. Gindin waƙa ne kurum yake tsaye, shi 'yan amshi suke riƙewa, su kuwa ɗiyan waƙa ana haifar su ne gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya yi. Wani attajiri ya taso ya yi liƙi, sanƙira ya faɗi sunansa da asalinsa, nan take Shata ya saka shi cikin waƙa, kalangu ya bi. Wannan ne ya sa duk wanda ya tara faifan Bakandamiya daban-daban zai tarar ba su zo daidai da juna ba, ko a tsawo ko a jerin ɗiya. Dandatti Abdulƙadir ya yi nazarin Shata a digirinsa na uku tun 1975, kuma har yau ɗalibanmu kan kawo mana matani guda su ce wai shi ne waƙar. Ba shi ba ne, zama ɗaya ne daga cikin zamanta masu yawa.

To, ita waƙar fim fa? Finafinan Hausa na bidiyo sun soma ne da Turmin Danya a Kano cikin 1990, amma waƙa ba ta zama ƙashin bayan kasuwar ba sai bayan fitowar Sangaya a 1999. Daga nan sai ya zama da wuya ɗan kasuwa ya karɓi fim in ba rawa da waƙa. Tushen abin ba ɓoyayye ba ne. Shekaru da dama gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos suna nuna finafinan Indiya, har wasu makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka riƙa ɗora kalmomin Hausa a kan muryoyinsu, masu bege na ƙungiyar Ushaƙu Indiya ma suka yi haka da bandiri.

Yadda ake yin waƙar shi ne abin lura. Mawaƙi yakan zauna ya rubuta baitocinsa, kowane baiti da amsa-amonsa, abin da Shata ko Ɗanƙwairo ba su ɗora waƙarsu a kai ba. Sai a shiga ɗakin ɗaukar murya, mai fiyano ya haɗa kiɗa, namiji da mace su rera suna karɓeɓeniya. Bayan an gama sai 'yan wasa su hau, suna motsa baki a kan muryar da ba tasu ba. Aikin da Shata yake haɗawa shi kaɗai a lokaci guda, a nan an raba shi tsakanin mutum uku ko huɗu, waɗanda watakila ba su taɓa haɗuwa a ɗaki ɗaya ba. Mutane da yawa sun daɗe suna jin muryar Fati Nijar, 'yar Maraɗi, a bakin 'yan wasa kafin su san fuskarta. Da zarar an rufe faifai kuma, waƙa ta daskare. Babu ƙari, babu ragi. Ta wannan fuska ta fi kusa da rubutacciyar waƙa nesa ba kusa ba, duk da cewa da kunne ake karɓarta.

Akwai wata illa da wannan hanya take jawowa, wadda ya kamata mu tsaya a kanta. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Garin da ake zama daban, garin tuwo daban. Karin waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, kuma kalangu da kansa maganar mutum yake kwaikwayo. In aka ari murya da aka riga aka yanka wa wani harshe, aka ce dole kalmar Hausa ta shiga, to, sai a ja gajeren wasali, a datse dogo, har mai sauraro ya rasa ko wace kalma ake nufi sai ya duba abin da ya gabata. Wannan ya yi yawa a waƙoƙin shekarun farko na 2000. Amma adalci ne mu ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A waƙoƙin Nura M. Inuwa da na Aminu Ala ana jin cewa kalma ce ta ja murya, shi ya sa ake iya karanta baitocinsu ba kiɗa su tsaya da ƙafarsu. Saboda haka masu ɗora wa fiyano laifi sun yi kuskuren mai laifi. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, bai hana shi faɗar abin da yake so ba.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne idan mawaƙin fim ya zo dandali. Mun taɓa halartar wani biki a Kano inda aka gayyato wani mawaƙi mai tashe. Aka saka faifansa, ya riƙe abin magana yana bin muryarsa, mata suna ta liƙi. Ana tsakiyar haka wuta ta ɗauke. Kiɗa ya tsaya, waƙa ta tsaya, mawaƙi ya tsaya yana murmushi har aka ta da injin. Uwar amarya ta zuba kuɗi masu yawa, amma sunanta bai shiga waƙar ba, domin babu ƙofar da zai shiga. A gidan biki irin wannan Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya da muryarta kawai take riƙe mata har dare ya raba.

Ba muna cewa mawaƙan ba su ga wannan giɓi ba. Dabarar da suka fito da ita ita ce a yi wa ango da amarya waƙarsu tun kafin biki, a jera sunayen dangi da abokai a ɗakin ɗaukar murya, ranar biki a saka. Wato an mai da aikin sanƙira cikin takarda. Wanda ya zo bikin ba a san da zuwansa ba, komai girmansa, ba shi da rabo.

Abin da ya rage gare mu shi ne ma'aunin da muke ba ɗalibai. Hanyar da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka ta dace da makaɗan da aka yi ta dominsu. Amma idan ɗalibi ya ɗauko waƙar fim yana neman ƙulli da karɓi da tarihin 'yan amshi, zai cika takarda da abin da babu shi, ya bar amsa-amo da tsarin baiti da dangantakar waƙar da labarin fim ɗin, waɗanda su ne suke gabansa. Mun duba kundaye irin waɗannan ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma da hannunmu muka sa musu maki.